Ciwon da ke Zuwa Ya Tafi: Cutar MS a Jikin Yara

Mu ɗauki misalin yarinya 'yar shekara 13. Ta tashi da safe ta ce, "Umma, idona na dama yana ciwo in na juya shi, kuma dishi-dishi nake gani." Umma ta buɗe idon ta duba: fari tas, ba ja, ba kwantsa, balle a ce afolo ne. Aka sayo maganin ɗigawa a kemis. A makaranta yarinyar ta lura makin da malam ya yi mata da jan biro ya koɗe in ta rufe ɗaya idon. Bayan mako huɗu gani ya dawo, aka yi hamdala, aka yaba magani. Wata bakwai a tsakani sai ƙafar hagu ta sage, silifas yana suɓuce mata ba ta sani ba, tana tafe tana tangaɗi. Wannan karon aka ce iska ce, aka yi hayaƙi da tofi, bayan wata guda ƙafa ta saki. Ranar da aka kai ta asibiti a tashi na uku, ba wanda ya tuna ya yi zancen ido. Me ya haɗa ido da ƙafa?

A cutar da likitoci ke taƙaita sunanta da MS, abin da ya haɗa su shi ne dukan labarin. Kada sunan ya ruɗe ku, cikakkensa maltiful sikilerosis, amma ba ta da dangantaka da sikila ko kaɗan. Sikila ta jini ce, wannan ta jijiyoyin saƙo ce, wato ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar ido. Jijiyoyi da yawa suna da riga mai maiƙo da ake kira mayelin, kamar robar da ke lulluɓe wayar caja. A MS, garkuwar jiki ce ke kuskure ta far wa wannan rigar. Duk wanda ɓera ya taɓa gaigaye masa waya ya san halinta: yau ta kawo wuta, gobe ta ƙi, sai an lanƙwasa ta. Wurin da aka gaigaya yakan kumbura, ya sauka, jiki ya yi faci, a bar tabo. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fara fayyace cutar a Faris a 1868.

Ba cuta ce mai yawa a wajenmu ba, kuma ba na son in tayar wa kowa da hankali. Ta fi yawa a ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya, irin su Kanada da arewacin Turai. Ƙididdigar da Ƙungiyar MS ta Duniya ta fitar a 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke da ita, aƙalla 30,000 daga ciki 'yan ƙasa da shekara 18. Kusan kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na masu cutar tun suna yara take fara musu, galibi bayan balaga, kuma a wannan shekarun ta fi kama mata. Kafin shekara 10 da wuya ake ganinta. Sai dai inda na'urar bincike ta yi ƙaranci, "babu" da "ba a gano ba" sukan yi kama da juna.

Ba a ɗaukarta a wurin wani, ba ta bin kwano ko shimfiɗa. Cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa da ita akwai ɗan rabon gado, akwai ƙarancin bitamin D, ƙiba a ƙuruciya, shaƙar hayaƙin taba a gida, da wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr wadda kusan kowane babba ya taɓa kamuwa da ita amma ƙalilan ne take buɗe wa wannan ƙofar.

Alamun sun danganta da inda aka taɓa. In jijiyar ido ce, labarin yarinyar nan ne: ido guda, ciwo in an motsa shi, gani ya dushe cikin kwanaki, launin ja ya koɗe. In laka ce, ƙafafu su yi nauyi ko su sage, yaro ya ce kamar kiyashi na bin jikinsa, ko kamar an ɗaure masa ciki da ɗamara. Fitsari ya riƙe, ko yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance ya koma. Wasu in sun sunkuyar da kai sai su ji kamar wutar lantarki ta zarce ta gadon baya. In gindin ƙwaƙwalwa ne, sai gani bibbiyu, jiri, rawar hannu, rubutu ya lalace. Abin da likita ke ƙirgawa a matsayin tashin cutar shi ne alamar da ta wuce awa 24 ba tare da zazzaɓi ba. Sagewar ƙafa don an daɗe a zaune kan tabarma ba ta ciki.

Akwai alamu biyu da na fi jin tausayin yara a kansu, don bulala suke jawo musu. Gajiya ce ta farko, irin wadda barci ba ya kawar da ita, sai a ce ragwanci ne. Ta biyu raguwar fahimta: yaron da ke riƙe hadda ya fara mantuwa, lissafi ya yi masa nauyi. Kusan ɗaya cikin uku na yara masu MS suna samun wannan. Sannan zafi. Jijiyar da ta taɓa lalacewa ba ta son ɗumi, don haka tsohuwar alama takan dawo na ɗan lokaci bayan guje-guje ko a tsakar ranar bazara, ta lafa in jiki ya huce. Yaron da ya ce idonsa na dushewa da azahar a watan Afrilu, da yamma kuma ga shi garau, ba lallai ƙarya yake yi ba.

Fiye da kashi 95 cikin 100 na yara irin mai tashi ta lafa suke yi. Takan tasar musu sau biyu ko uku fiye da manya, amma sun fi manya saurin warwarewa. Nan ne yaudarar take. Duk abin da aka yi a makon da ciwon zai sauka da kansa, shi ake ba lada, ɗigon ido ne ko rubutu, alhali tabon yana nan a ciki yana taruwa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa biyun.

Babu gwaji guda da ke cewa ga MS. Ƙa'idar da ake bi, mai sunan likita McDonald, an fitar da ita a 2001, ana kuma sabunta ta lokaci zuwa lokaci. Ginshiƙinta neman shaidar cewa cutar ta taɓa wuri fiye da ɗaya, sannan ba aukuwa ce ta sau ɗaya ba. Shi ya sa zancen idon nan da aka manta yake da daraja kamar gwajin dubban nairori. Hoton MRI na ƙwaƙwalwa da laka shi ne babban ma'auni. Maganaɗisu yake amfani da shi, ba ya zafi, sai dai ƙara da daɗewa a kwance. Akan yi allurar wani ruwa ta jijiyar hannu don a bambance sabon tabo da tsoho. Hoton CT yakan fito lafiya lau alhali cutar tana nan.

Sai ɗibar ruwan baya, wadda na san iyaye da yawa ke gudu saboda jita-jitar tana gurguntarwa. Allurar a ƙasan baya take shiga, ƙasa da inda laka ta ƙare. Abin da aka fi samu bayanta ciwon kai ne na 'yan kwanaki. A cikin ruwan ake neman alamar cewa garkuwar jiki na faɗa a can ciki, kuma shi ne ke wanke zargin sanƙarau.

Wanke zargi kuwa shi ne rabin aikin likita a nan ƙasarmu. Yaron da ƙafarsa ta mutu, kafin a kai ga MS sai an duba tarin fuka na ƙashin baya, cuta mai karya garkuwar jiki, ƙarancin bitamin B12, da shanyewar ɓarin jiki a masu sikila. Duk ɗan ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki laƙwas farat ɗaya, a kai rahoto asibiti mafi kusa a ɗauki bahayarsa sau biyu don gwajin shan inna, ko da yake tun Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Akwai kuma 'yan uwan MS na kusa. Ɗaya, ADEM, ta fi kama ƙanana bayan mura ko zazzaɓi, tana zuwa da magagi da ruɗewa har a zaci zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, kuma galibi sau ɗaya take yi. Wata, NMO, tana far wa idanu da laka da tsanani, ta fi kuma yawa a baƙar fata fiye da Turawa. Gwajin jini na musamman ke raba su, kuma rabawar dole ce, don wasu magungunan MS suna ƙara tsananta NMO.

Ba a samu maganin da ke tumɓuke ta ba tukuna, amma akwai na rage tashinta, kuma farawa da wuri ya fi tsare ƙwaƙwalwa. Lokacin tashi akan ba da sitiroyid, maganin kwantar da kumburi, ta ƙarin ruwa kwana 3 zuwa 5. A 2018 Amurka ta amince da maganin fingolimod ga yara daga shekara 10, a 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan MS uku, har da rituksimab, a jerin muhimman magunguna. Roƙona kada a sayo dekza, wanda shi ma sitiroyid ne, a kemis a ɗura wa yaro. Zai iya kwantar da kumburin ya dagula bincike, in kuma tarin fuka ne a ɓoye, an zuba masa fetur.

In an ga irin waɗannan alamu, a nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na yara. Kafin ranar, a samu littafi ɗan ƙarami a rubuta: wace gaɓa, wane ɓangare, yaushe ta fara, kwana nawa ta yi, da zazzaɓi ko babu, me aka sha. In kwanan wata ya ɓace, "bayan ƙaramar Sallah" ko "farkon damina" ya isa. In yaron na tangaɗi, a ɗauke shi bidiyo a waya, don ranar ganin likita wataƙila ya shiga ofis ɗin da ƙafarsa garau.