Mayar da matsalar lissafi ta baka zuwa aljabara

Mayar da matsalar baka zuwa aljabara shi ne a ɗauki zancen da aka faɗa da kalmomi, na ciniki ne ko na gado ko na awo, a rubuta shi da lambobi da harufa yadda za a iya warware shi. In zancen ya nuna abu biyu sun zo ɗaya, abin da aka rubuta sunansa daidaito, alamarsa =. In kuwa ya nuna wani ya fi wani, ko an sa iyakar da ba a wucewa, rashin daidaito ke nan, alamominsa <, >, ≤ da ≥. A makarantun boko na Kamaru da Chadi da ake karatu da Faransanci, wannan aiki shi ake kira mise en équation. Wuyarsa ba a harafin x, wanda ake sawa a madadin adadin da ba a sani ba, take ba. Tana wajen gane abin da ake nema, da gane mene ne ya yi daidai da me.

Tarihi

Aikin ya girmi alamomin da ake yinsa da su nesa ba kusa ba. Akwai wata takardar Misira da wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafa wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ma ya ce daga wata da ta girme ta ya ɗauko. Henry Rhind ya saye ta a Luxor a 1858, yanzu mafi yawanta na gidan tarihin Birtaniya da ke Landan. Matsala ta 24 a cikinta ita ce: wani adadi, an ƙara masa subu'insa, ya zama 19. Ahmes bai sa harafi ba. Ya ɗauka adadin 7 ne, don raba shi bakwai ba wuya, sai ya samu 8 maimakon 19, sannan ya ninka 7 ɗin gwargwadon yadda 19 ya ninka 8. Amsa ta fito 16 da sumuni biyar. Wannan dabara ta soma da zaton da aka san ba daidai ba ne, a gyara shi daga baya, ta daɗe ƙwarai, kuma malaman Larabawa sun yi aiki da wani nau'inta mai zato biyu da suke kira hisabul khaɗa'aini.

Mutanen Babila sun bar irin waɗannan matsaloli a allunan yumɓu, galibi kan tsawo da faɗin gona, daga wajen 1800 zuwa 1600 kafin haihuwar Annabi Isa. Diyofantus na Iskandariyya, wanda ake kyautata zaton ya rayu a ƙarni na 3 bayan haihuwar Annabi Isa, ya taƙaita wasu kalmomi zuwa alamomi.

Wanda ya mai da abin fanni mai zaman kansa shi ne Muhammad ɗan Musa al-Khuwarizmi, a Bagadaza, zamanin halifa Ma'amun, wajen shekara ta 820. Daga sunan littafinsa, Al-Mukhtasar fi Hisabil Jabri wal Muƙabala, aljabara ta samo suna. A gabatarwa ya bayyana cewa ya rubuta shi ne saboda abin da mutane ke bukata kullum a rabon gado da wasiyya da shari'a da ciniki da awon filaye da haƙar magudanan ruwa, kuma kaso mai yawa na littafin kan wasiyya da gado ne. Babu alama ko ɗaya a cikinsa, komai da kalmomi aka faɗa. Adadin da ake nema shi ne shai'i ko jizri, in an ninka shi da kansa ya zama mali. Misalinsa da ya fi shahara, mali ɗaya da jizri goma sun yi daidai da dirhami 39, yau ana rubuta shi x² + 10x = 39, amsarsa 3. Da yake ba ya aiki da lambobin da ke ƙasa da sifili, sai ya kasa daidaito gida shida, kowane gida da hanyar warware shi, kuma aikin mai lissafi shi ne ya yi ta juya zancen har ya faɗa ɗaya daga cikin gidajen. Jabru shi ne cike abin da aka ɗebe ta hanyar ƙara shi a ɓangarorin biyu, muƙabala kuma soke abin da ya yi kama a nan da can. Har gobe waɗannan matakai biyu ne ɗalibi ke bi.

Fannin ya bi ta Misira wurin Abu Kamil ya isa Magrib da Andalus. Ibnul Yasamin, wanda ya rasu wajen 1204, ya tsara ƙa'idojin a waƙe don a haddace. Al-Ƙalasadi, wanda ya rasu a 1486, ya yi amfani da harufan farko na kalmomin Larabci a matsayin alamomi, ko da yake masana na ganin ya tarar da wannan al'ada ne a Magrib. Robert na Chester ya fassara littafin al-Khuwarizmi zuwa Latin a 1145.

Alamomin da aka sani yau sun zo a makare. Robert Recorde ya kawo = a 1557. François Viète ya sa harufa a madadin adadin da aka sani da wanda ba a sani ba a 1591, René Descartes kuma ya zaɓi x, y da z a 1637. Alamomin < da > sun fara fitowa a littafin Thomas Harriot da aka buga a 1631, shekara goma bayan mutuwarsa, kuma ana saɓani ko nasa ne ko na waɗanda suka shirya littafin. Maganar cewa x daga shai'i ya samo asali ba ta da hujja mai ƙarfi.

Yadda ake yi

Da farko a ambaci abin da ake nema da ma'auninsa. A ce x kuɗin kwano ɗaya na gero ne da sefa, kada a tsaya ga cewa x gero ne. Daga nan a bayyana sauran abubuwa ta hanyarsa, a nemo inda zancen ya faɗi abu ɗaya ta fuska biyu. A misali, mace ta sayi gero kwano uku a kasuwar Garwa, ta ba ɗan dako sefa 500, duka ta kashe 2,600. Abin da ta kashe an faɗe shi sau biyu, sau ɗaya a warwatse, sau ɗaya a dunƙule: 3x + 500 = 2,600, kwano ya kama 700. A Injamena sai an ƙara lura, domin a kasuwa da riyal ake ƙirga kuɗi, riyal ɗaya sefa 5, kamar dala a wurin Hausawan Nijar. Wanda ya rubuta farashin kwano da riyal, kuɗin dako da sefa, ya ɓata lissafinsa tun bai fara ba.

Rabon gado ya fi kowane misali nuna abin a fili. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku, dukiyar da ta rage bayan biyan bashi sefa 800,000. Matar tana da sumuni, 100,000, saura 700,000. In rabon 'ya mace x ne, na ɗa namiji 2x ne, sai a samu 2(2x) + 3x = 700,000. 'Ya mace ta tashi da 100,000, ɗa namiji 200,000. Malamin fara'ili a zaure zai ce kawuna bakwai ne, ya raba ba tare da ya rubuta harafi ba, kuma tunaninsa da na mai aljabara ɗaya ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne bin jerin kalmomi. In aka ce tumaki sun ninka awaki sau uku, a sa t a madadin yawan tumaki, a kuma a madadin yawan awaki, hannu kan yi saurin rubuta 3t = a, alhali t = 3a ne daidai. John Clement da abokan aikinsa sun gwada irin wannan tambaya ga ɗaliban injiniya a Amurka a farkon shekarun 1980, fiye da sulusinsu suka kasa, galibinsu sun juya ta. Maganinsa a gwada da lamba: awaki 10, tumaki nawa?

Rashin daidaito

"Aƙalla" da "bai gaza ba" suna ba da ≥, "bai wuce ba" yana ba da ≤, "ya haura" yana ba da >, "bai kai ba" yana ba da <. Nisabin zakkar tumaki da awaki misali ne da makiyaya suka sani: daga 40 zuwa 120 akuya ɗaya ake fitarwa, wato 40 ≤ n ≤ 120 in n yawan dabbobin ne, daga 121 zuwa 200 biyu.

Amsa a nan ba lamba ɗaya ba ce, kuma ma'anar zancen ce ke yanke hukunci. Ɗan kasuwar da ya ɗauko albasa daga Marwa, a ce ya biya kuɗin mota 30,000 yana cin ribar 4,000 a kowane buhu, ba zai fita asara ba sai 4,000n ≥ 30,000, in n yawan buhunan ne, wato n ≥ 7.5, dole ya sayar da buhu 8. Wanda kuma ke riƙe da 30,000 yana son sayen kaya mai 4,000 kowane buhu, nasa n ≤ 7.5 ne, buhu 7 zai samu. In an ninka ɓangarorin biyu da lambar da ke ƙasa da sifili, alamar kan juya.

Koyarwa

A tsarin Faransanci na Kamaru ana koyar da shi a azuzuwan ƙarshe na ƙaramar sakandare, kafin jarrabawar BEPC. Yaron da ke Hausa ko Fillanci ko Larabcin Shuwa a gida yakan fara mayar da tambayar zuwa harshensa kafin ya mayar da ita alamomi.