Na'urar hangen taurari mai madubi da yadda ake zaɓen ingantacciya

Na'urar hangen taurari mai madubi na'ura ce da ke tattara hasken wata da taurari ta hanyar madubi mai kwarmi da aka dasa a gindin bututu, saɓanin 'yar'uwarta mai gilashi a baki, irin wadda Galileo ya yi aiki da ita a shekarar 1609. Hasken yana shiga ta buɗaɗɗen bakin bututun, ya sauka a kan babban madubin, ya dawo yana tsukewa har ya haɗu da wani ƙaramin madubi da aka karkata, shi kuma ya tura shi gefe zuwa gilashin ido inda mai kallo yake leƙawa. Masu sha'awar ilimin falaki waɗanda ba sana'arsu ba ce sun fi karkata gare ta, domin kuɗin da zai sayi ƙaramar na'ura mai gilashi zai sayi mai madubi da ta ninka ta faɗi. Wannan bayani ya shafi Hausawan da ke zaune a Makka, Jidda da Madina, inda zafi da ƙura da hasken birni suke da ta cewa a kan irin na'urar da ta dace.

Asalinta

Tun kafin a ƙera na'urar, Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya yi rubutu a kan madubai masu ƙonawa, ya kuma yi bayanin siffar kwarmin da ke tara hasken rana a ɗigo guda. Isaac Newton ne ya ƙera ta farko da ta yi aiki, a Ingila a shekarar 1668, da madubin gamin tagulla da kuza wanda faɗinsa bai kai santimita huɗu ba. Abin da ya kai shi ga haka shi ne gilashi yana rarraba haske zuwa launuka, sai a ga bakan gizo a gefen abin da ake kallo, madubi kuwa ba ya yin haka. A wajen 1857 Léon Foucault a Faransa ya yi madubin gilashi mai shafin azurfa, daga shekarun 1930 kuma aka koma shafin alminiyam, wanda yake mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Akwai wani tsarin da ake dangantawa da wani Bafaranshe mai suna Cassegrain tun 1672, inda hasken ke fita ta wani rami a tsakiyar babban madubin, amma tsarin Newton ne ya fi sauƙin kuɗi, kuma shi ne akasarin maganar nan take nufi.

Faɗin madubi da siffarsa

Abu na farko da mai saye zai tambaya shi ne faɗin babban madubi, domin shi ne ma'aunin yawan hasken da na'urar za ta tara da kuma ƙananan abubuwan da za ta iya bambancewa. Idan faɗin ya ninka sau biyu, hasken yakan ninka sau huɗu. Ƙwayar idon mutum takan buɗe zuwa kimanin milimita 7 a cikin duhu, saboda haka madubi mai milimita 150 yana tara hasken da ya fi na ido sau 450 da ɗoriya, mai milimita 200 kuma sau 800 da ɗoriya. Da mai milimita 114 ko 130 ana ganin ramukan wata, zoben duniyar Zuhal (Saturn), da watanni huɗu na duniyar Mushtari (Jupiter). Daga milimita 200 ne curin taurari ke fara warwaruwa, har mutum ya ga ɗaiɗaikun taurarin da ke cikinsa maimakon dusu-dusun haske.

A nan ne ake yawan yaudarar sabon shiga. Kwalin wasu na'urori masu arha yana ɗauke da alƙawarin girmama abu sau 500 ko 600, alhali girmamawa lissafi ne da kowa zai iya yi: a raba nisan da haske ke taruwa daga madubi da lambar da ke rubuce a jikin gilashin ido. Na'ura mai nisan milimita 1200 tana girmama abu sau 48 da gilashin ido mai lamba 25, sau 120 kuma da mai lamba 10. Iyakar girmamawa mai amfani ita ce faɗin madubin a milimita sau biyu, wato 300 ga mai milimita 150, kuma a yawancin darare motsin iska ba ya barin a wuce 200. Abin da ya haura wannan iyaka ƙaton hoto ne mai hazo wanda bai ƙara komai ba. Duk kwalin da ya fi ƙarfafa lambar girmamawa a kan faɗin madubi ya cancanci a yi masa kallon tuhuma.

Siffar kwarmin ita ce ta biyu. Madubin da aka goge kamar cikin ƙwarya, wato yankin ƙwallo, yana da sauƙin ƙerawa, sai dai hasken gefensa da na tsakiyarsa ba sa haɗuwa a wuri guda. A ƙaramin madubi mai dogon bututu wannan aibi ba ya fitowa sosai, amma a gajeren bututu yana lalata hoto, don haka dole a nemi siffar da ake kira farabola, a kuma tabbatar an rubuta haka a bayanin na'urar. Lambar da ake rubutawa f/5 ko f/8 ita ce nisan taruwar haske idan an raba shi da faɗin madubi. Ƙaramar lamba tana ba da gajeren bututu da faffaɗan fili, amma taurarin gefe sukan yi wutsiya, kuma ba ta yafe kuskuren daidaitawa. Tsakanin f/6 da f/8 ne mai koyo ya fi samun kwanciyar hankali. Akwai kuma wani nau'i da ya kamata a kauce masa: bututu gajere da bai wuce rabin mita ba amma an rubuta masa nisan milimita 1000, domin an ɓoye ƙaramin gilashi a cikin mazubin gilashin ido don ya rufe aibin madubi, kuma daidaita shi aiki ne mai ban takaici.

Mazauni

Madubi mai kyau a kan mazauni mai rawa ba shi da amfani, tunda girgizar da ido ba ya gani takan girma sau ɗari a cikin gilashi. Ana gwada shi da ɗan ƙwanƙwasa bututun yayin kallo: idan hoton bai natsu cikin daƙiƙa biyu ko uku ba, mazaunin bai kai ba. Mafi sauƙi shi ne akwatin katako da John Dobson ya yaɗa a San Francisco tun shekarun 1960, wanda ake tura bututun da hannu sama da ƙasa, dama da hagu. Ba ya bukatar lantarki, kuma kusan dukan kuɗin mai saye yana tafiya ne a kan madubi. Ɗaya nau'in, mai sanda da ake saita wa tauraron arewa, yana bin juyawar sama kuma shi ne na masu ɗaukar hoto, amma sai an karkata shi daidai da nisan gari daga layin da ya raba duniya arewa da kudu, wato kusan digiri 21 da rabi a Makka da Jidda, 24 da rabi a Madina. Mai arha daga cikin wannan nau'i yawanci ya fi bututun da aka ɗora masa rauni. Ga wanda zai yi kallo da ido kawai, mai milimita 150 ko 200 a kan akwatin Dobson shi ne zaɓin da ya fi dacewa. Mai milimita 200 yana rabuwa gida biyu, nauyinsa gaba ɗaya kilo 20 ne ko ɗan fiye, kuma bututunsa yana kwanciya a kujerar bayan mota. Wanda zai riƙa hawa bene huɗu da kayansa gara ya tsaya a milimita 150.

A duba kuma cewa mazubin gilashin ido na inci 1.25 ne ko inci 2, domin su ne ma'aunin da ake samun gilasai masu kyau da shi, kuma yana motsi sumul ba tare da lilo ba.

Yanayin Hijaz

Littattafan Turai suna cewa a fitar da na'ura waje ta huce kafin a fara kallo. A Hijaz lamarin yakan juya, domin na'urar tana fitowa ne daga ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya iska, zuwa iska mai ɗumi, kuma a Jidda, inda laimar Bahar Maliya take da yawa, nan take madubin mai sanyi zai yi raɓa. Maganinsa shi ne a ajiye ta a ɗakin da ba a sanyaya ba, ko a fito da ita a rufe a bar ta minti 30 zuwa sa'a guda. Rufin siminti ma yana fitar da zafin rana har cikin dare, injin mukayyif na maƙwabta yana hura iska mai zafi, kuma dukansu suna sa hoton Mushtari ya yi ta rawa kamar kawalwalniya. Shimfiɗa darduma a ƙarƙashin na'urar da nisantar injinan suna rage matsalar. Ba a kuma barin ta cikin mota da rana.

Ƙura ba ta cutar da hoto kamar yadda ake tsammani, goge ta da tsumma ne ke kankare shafin madubi. Sai a rufe baki da gindin bututun bayan kallo, idan dauɗa ta yi yawa a cire madubin a wanke shi da ruwan da aka tace ta hanyar tururi, a jingine shi ya bushe da kansa. Bayan tafiyar mota kuma madubai biyun sukan goce, sai a daidaita su da kusoshi uku da ke bayan kowanne. Ana tabbatar da aikin da tauraron arewa, wanda Larabawa ke kira Jadyu, tunda kusan ba ya motsi: a ɗan kawar da shi daga saiti, wato a murɗa mazubin gilashin ido har tauraron ya daina zama ɗigo, idan zobban haskensa sun kewaye juna daidai, kuma kamanninsu ɗaya ne ciki da wajen saitin, to madubin lafiyayye ne.

Wata da Zara da Mushtari da Zuhal ana ganin su daga tsakiyar Makka duk da fitilu, amma gajimaren Jauza (Orion) da tarin taurarin Andromeda suna bukatar duhu. Tsaunukan Ɗa'ifa, kamar Shafa da Hada, sun fi kusa kuma iskarsu ta fi sanyi da bushewa, Al-Ula kuwa ta shahara da duhun samanta. Mazauna wannan yanki suna ganin taurarin kudu da arewacin Turai ba ta gani, irin su Suhail, wanda ke hawa kimanin digiri 16 a saman Makka, da curin Omega Centauri da ke kaiwa digiri 21.

Mutane da yawa suna sayen na'ura ne saboda jinjirin watan Ramadan da na Shawwal, ganin yadda ake duban sa a garuruwan Sudair da Tumair na Saudiyya. Babbar na'ura mai madubi ba ita ta fi dacewa da wannan ba, domin filinta ƙarami ne, tana nuna abu a kife, kuma tana da wuyar sarrafawa idan an kwantar da ita gab da sararin yamma. Madubin hangen nesa mai ido biyu da ake riƙewa a hannu, na 10x50, wato mai girmama abu sau 10 da faɗin gilashi milimita 50, ya fi ta sauƙin laluben jinjiri. Ko da wanne za a duba, sai an tabbatar rana ta faɗi gaba ɗaya, domin madubin da ke tara haske sau 800 yana ƙona ƙwayar ido cikin ƙiftawa ɗaya, kuma saboda wannan dalili ba a barin na'urar a buɗe da rana a inda yara suke wasa.