Haɗuwar Harsunan Wuta

Haɗuwar harsunan wuta yanayi ne da ƙananan wuta biyu ko fiye, masu ci kusa da juna, ke karkatowa su manne har su zama harshe ɗaya. Abu biyu ne ke jan ragamar lamarin: rububin iska da musayar zafi.

Harshen kyandir ko na fitilar kananzir daga gefe yake zuƙar oksijin, wanda kusan kashi 21 cikin 100 ne kawai na iskar da muke shaƙa. Iskar da ta ɗau zafi takan yi sama saboda rashin nauyi, mai sanyi ta kwararo daga ƙasa ta maye gurbinta. Idan wuta biyu suka matso, kowacce tana jan iska daga ratar da ke tsakaninsu, ratar kuma ba ta cika da wuri. Sai matsin iska ya ɗan ragu a tsakiya, iskar waje ta turo harsunan ciki. Ke nan ba wutar ce ke jawo 'yar'uwarta ba, turo su ake yi.

Tazara ce ke yanke hukunci. In da nisa, kowacce harkar gabanta take yi. In sun ɗan matso, zafin ɗaya yana taya ɗayar narkar da kakin kyandir ko turara mai, sai cin wutar ya ƙaru, kawunan harsunan su riƙa taɓa juna suna rabuwa. A nan wuta ta fi ƙarfi. In kuwa sun matse sosai, sukan dunƙule tun daga gindi, harshen ya yi tsawo fiye da na kowacce ita kaɗai, domin tururin man da ke tsakiya sai ya hau sama kafin ya sami iskar da zai ƙone da ita. Tsawon nan yakan ruɗi mutane su ɗauka ƙarfi ne, alhali sau da yawa alamar ƙarancin iska ce, shi ya sa yake zuwa da ja da hayaƙi.

Kyandir ɗaya a ɗakin da iska ba ta kaɗawa tsaye yake ci. Amma in aka ɗaure uku wuri guda, harshensu yakan fara rawa, yana miƙewa yana tsukewa wajen sau 10 a daƙiƙa. Masu bincike a Japan sun nuna a 2009 cewa ɗauri biyu irin wannan, in suna dab da juna, tare suke tashi tare suke sauka. In aka ɗan ƙara tazara sai su koma karɓa-karɓa.

A madafa ake ganin amfanin wannan kullum. Mai girki da itace takan haɗa kawunan itatuwa a tsakiyar murhu don su riƙe wa juna zafi, in ta gama ta janye su, kowane ya mutu shi kaɗai. A risho, lagwanai suna jere a da'ira tsakanin gwangwanaye biyu masu huji, iska na shiga ta hujin, wutar ta haɗe ta yi shuɗi. Lagwani ɗaya ya fi sauran tsawo, ɓangarensa ya yi ja, gindin tukunya ya yi baƙi. Maganinsa a datse su daidai.

Kan murhun gas ya fi buƙatar lissafi. Kafofinsa suna kusa yadda wuta za ta yi tsalle daga wannan zuwa waccan lokacin kunnawa, amma da 'yar rata don iska ta ratsa. Furofen da butan nau'o'in gas ɗin girki ne: mudu ɗaya na furofen yana buƙatar wajen mudu 24 na iska don ya ƙone sarai, na butan kuwa wajen 31. Don haka wanda ya faɗaɗa kafofin da ƙusa don wuta ta ƙaru, ko ya ɗora faffaɗar tukunya ta danne kan, ya haɗe harsunan ya toshe musu iska. Abin da ke biyo baya shi ne kabon monoksaid, iska mai guba marar wari. In miya ta toshe wasu kafofin kuma, wutar ba ta zagayewa, gas ya riƙa fita ba ya ƙonewa.

A gobara, haɗuwar nan ce ke mai da ƙaramin abu babba, musamman a kasuwanni masu cunkoson rumfuna irin ta Sabon Gari a Kano, wadda ta yi mummunar gobara a Maris 2016. Rumfuna biyu masu ci sukan gasa ta tsakiyarsu har ta kama ba tare da harshe ya taɓa ta ba. A birnin Hamburg na Jamus a Yulin 1943, gobara masu ɗimbin yawa sun haɗe suka haifar da guguwar wuta mai tumɓuke bishiyoyi. Shi ya sa 'yan kwana-kwana kan fesa wa shagunan da ba su kama ba ruwa, su kuma kwashe kayan da ke tsakanin wuta da wuta.