Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa: zuwa wurin mai ba da shawara ba ya kai mutum Kware

Makon jiya wata ƙanwata ta kawo min kukan mijinta. Tun da kasuwarsa ta karye barci ya ƙaurace masa, abinci sai an yi da gaske. Na ce ya ga mai ba da shawara kan damuwar zuciya, sai ta zaro ido: "Yaya, so kake a rubuta shi mahaukaci a kai shi Kware?" A Kware ne asibitin masu taɓin hankali yake. Wannan tsoron ya cika Sakkwato, har ana cewa sabuwar doka ta ba likita ikon tsare duk wanda ya buɗe baki ya faɗi damuwarsa.

Tsohuwar doka ce ke da wannan halin, dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawa, wadda ta fi damuwa da killace mutum a kan yi masa magani. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta 2021, da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, ita ta soke ta. Ta shafi duk mai larurar ƙwaƙwalwa da masu kula da shi.

Ginshiƙinta yardar majiyyaci. Sai an yi masa bayanin magani, a sa shi cikin tsara shi, a kuma riƙe sirrinsa. Masu ba da shawara sun daɗe da sanin wannan daga Carl Rogers, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, wanda tun shekarun 1940 ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A tsarinsa ba a yi maka wa'azi, ba a ɗora maka hukunci. Za ka zauna, a tambaye ka me ke ci maka tuwo a ƙwarya, a saurara ko da ka yi shiru na minti biyar kana murza hula. Mai shawarar yakan maimaita maka abin da ka faɗa don ka ji shi da kunnenka. Mijin ƙanwata abin da zai tarar ke nan, ba allura ba.

Inda ake rikicewa shi ne sashen kwantarwa ba da yarda ba. Yana nan, ba a cire shi ba. Amma an yi shi ne don wanda ciwon ya tsananta har ana tsoron ya cutar da kansa ko wasu, kuma sai likita ya duba ya tabbatar. Kawu ba zai ɗauko ɗan ɗan'uwansa ya ajiye a asibitin tarayya na Kware don sun yi rigimar gado ba. Dokar ta kuma tanadi kwamitin tantancewa da za a iya kai wa ƙara idan an tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba.

Ni dai wannan sashen bai gama kwanta min ba, don talakan Gwadabawa bai san ƙofar kwamitin ba, balle ya ƙwanƙwasa. Amma wanda ya tuna mutanen da aka fito da su da mari a ƙafa daga gidajen horo na Kaduna da Daura a 2019 ya san daga inda aka taso.

Ƙanwata ta ce za ta gaya masa bayan isha'i, idan yara sun kwanta.