Waiwaye: Alhakin wa ne idan bayanan abokin ciniki suka fita?

Tattara bayanan jama'a a ƙasar nan ya riga dokar kare su da shekaru. A 2011 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fara rajistar layukan waya, a 2014 Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN, a Disambar 2020 kuma aka wajabta haɗa layi da lambar NIN. A kowane zagaye mutanen Katsina da Daura da ƙauyukansu sun yi cincirindo a rumfunan wakilai, suna dangwala yatsa, suna ba da hoto da ranar haihuwa. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa, amma bai yanke wa kamfani mai sakaci hukunci ba.

Sai a 2019 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai. Da su ta ci kamfanin bashi na Soko Lending tarar naira miliyan 10 a 2021, saboda tura saƙonni ga mutanen da ke cikin wayar masu cin bashi. Cikakkiyar doka ta zo a Yunin 2023, ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Yanzu idan bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, dole kamfani ya sanar da hukumar cikin awa 72, in hatsarin babba ne ya sanar da mutanen nan take. Tarar babban kamfani tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na bara, duk wanda ya fi yawa.

Ba kullum ƙwararren ɗan kutse ne ke yin ɓarnar ba. Ma'aikata uku suna shiga kwamfuta da kalmar sirri ɗaya, in an saci abu ba a san wa za a tuhuma ba. An sallami wakili, ba a rufe masa hanyar shiga ba. Jerin sunaye da lambobin asusu yana yawo a WhatsApp. Kwafin takardar NIN da aka karɓa wurin buɗe asusu ya ƙare a kwandon shara, wani lokacin har a ƙunshe ƙosai da shi. Daga nan sai a kira dattijo a ambaci cikakken sunansa da bankinsa, ya amince, ya karanto lambar da aka turo masa, a kwashe kuɗin.

Abin takaici, shi ake ɗora wa laifi, a ce ai an gargaɗe shi. Alhali doka ta ɗora wa kamfanin da ya karɓi bayanan nauyin tabbatar da cewa wakilinsa ma yana kiyaye su, kuma wanda aka cuta yana da damar kai ƙorafi NDPC ko ya nemi diyya a kotu.