Karanta tsofaffin littattafai da idon mace: abin da aka tambaye ni a Agege

Ranar asabar mun tashi daga islamiyya ruwa ya tsare mu, sai wata ƙanwata da ke karanta tarihi a jami'a ta ce lakcaransu ya ba su aiki kan nazarin jinsi a littattafan addini da na tarihi. Nan take wata hajiya ta ce a'uzubillahi. Daga nan tambayoyi suka ɓarke, ga abin da na iya tunawa.

Malama wai shi nazarin jinsin nan mene ne?

Ki ɗauki littafi ki yi masa tambaya ne kawai, wa ya rubuta ka, su wa ka ambata, su wa ka tsallake. Ɗauki tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, kusan duk sarkin da aka kawo sai an faɗi sunan mahaifiyarsa amma yawanci daga sunan shikenan an wuce zuwa yaƙi. A ciki aka ce Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kulle. To mai wannan nazarin anan zai ja birki, kafin Rumfa yaya matan fada suke, kuma kullen ya kai kan matar talaka mai zuwa gona ko a gidan sarki ya tsaya?

Ba aƙidar Turawa ba ce suke so su cusa mana?

Hajiya sunan dai daga jami'o'insu ya zo, wannan ba musu. Amma tambayar ta girme su nesa ba kusa ba. Ummu Salama ce ta tambayi Annabi (SAW) me ya sa ake ambaton maza ba a ambaton mata, kuma masu tafsiri sun kawo wannan a dalilin saukar aya ta 35 a Suratul Ahzab. Imam Zarkashi littafi guda ya yi mai suna Al-Ijaba, ya tara wuraren da Nana A'isha ta yi wa manyan sahabbai gyara. Shehu Ɗanfodiyo kuwa a Nurul Albab ya caccaki malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ba Bature ne ya saka shi ba ai.

To ina wajen da ake zamewa?

Wajen kasa bambance nassi da fahimtar malami da kuma al'adar garinsu, abu uku ne daban. Sharhi mutum ne ya yi shi a zamaninsa, ana iya tattauna shi. Amma akwai masu zarcewa, kamar Fatima Mernissi ta Maroko da ta soki wani hadisi na Bukhari kan shugabancin mace ta hanyar sukar sahabin da ya ruwaito shi, malaman hadisi ba su karɓi wannan ba, ni ma ban karɓa ba. Wadda ba ta da Larabci ba ta san ilimin isnadi, wato jerin masu ruwayar hadisi, ba ta ce za ta yi wa Bukhari gyara da fassarar waya, wannan kam ganganci ne.

Matan da ma sun yi rubutu ne?

Sosai ma. Nana Asma'u, 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa ƙungiyar karantar da mata ta 'yan taru, tana naɗa jaji, wato jagorar mata, ta ba ta malfa da jan rawani ta tura ta ƙauye ta koyar da mata da waƙa. Karima al-Marwaziyya a Makka manyan malamai maza suka zauna gabanta suna karɓar Sahihul Bukhari. Malam Akram Nadwi da ya bi diddigin mata masana hadisi sai da aikin ya kai mujalladi 43. Mu ne dai ba a karantar da mu su ba, muka haddace sunan sarakuna tsaf.

Ni da zan rubuta aikin daga ina zan fara?

Ki nemi tarin rubuce-rubucen Nana Asma'u da Jean Boyd da Beverly Mack suka fitar a 1997, sai labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta buga a 1954, tsohuwa ce Bahaushiya ta ba da tarihin rayuwarta da bakinta. Sannan kar ki raina nan Zangon Agege, akwai gwaggonni da ke da waƙoƙin wa'azi a ka tun na kakanninsu, wasu ma da takardun ajami a ƙasan adaka. Ki je da goro da cajin waya, ki nemi izini kafin ki ɗauki murya, kuma kar ki je ranar da suke da biki.