Tazarar jirgin sama tsakanin Mataveri da Faa'a

Mataveri da Faa'a filayen jiragen sama ne a kudancin tekun Fasifik. Na farko yana tsibirin Rapa Nui, wanda aka fi sani da tsibirin Ista, mallakar ƙasar Chile. Na biyun yana tsibirin Tahiti, dab da birnin Papeete, a yankin Polinesiya da ke hannun Faransa. Tsakaninsu akwai kimanin kilomita 4,250, kusan duk a kan ruwa.

Nisan ba ya canzawa, amma tsawon lokacin tafiyar bai da tabbas. Jirgin fasinja na zamani, mai gudun kusan kilomita 850 a awa, yakan ci tazarar cikin awa biyar zuwa shida. Iskar sama a yawancin wannan yanki daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, don haka jirgin da ya nufi Tahiti gaba da gaba yake yi da ita, mai dawowa kuwa tura shi take yi. Sai kuma ruɗanin agogo. Tahiti tana bayan agogon GMT da awa 10 duk shekara, Rapa Nui kuwa da awa 6, ko 5 a lokacin zafi. Wanda ya dubi tikiti kawai zai zaci tafiyar zuwa Tahiti ba ta kai awa biyu ba, ta dawowa kuma ta kusa awa goma.

Abin da ya fi damun matuƙa shi ne rashin wurin saukar gaggawa. Ana ɗaukar Mataveri a matsayin filin jirgin da ya fi kowanne keɓewa a duniya. Mafi kusa da shi, Totegegie a tsibiran Gambier, yana da nisan kimanin kilomita 2,600, kuma ƙaramin fili ne. Ta gabas kuma, Santiago, babban birnin Chile, yana da nisan kilomita 3,759. Shi ya sa jirgi mai inji biyu ba ya bin hanyar sai da izini na musamman, wanda ke tabbatar da cewa zai iya tafiyar awanni da inji ɗaya idan ɗayan ya mutu.

A 1951 matuƙi Roberto Parragué ya fara kai jirgi Rapa Nui daga Chile, cikin awa 19. Zirga-zirgar fasinja daga Santiago ta soma a 1967, sau ɗaya a wata, da jirgin DC-6B mai ɗaukar awa tara. A 1987 aka ƙara tsawon titin saukar Mataveri, da taimakon Amurka, don kumbonta mai zuwa sararin samaniya ya samu mafaka idan ta ɓaci. A yau tsawonsa mita 3,318 ne. Kumbon bai taɓa sauka ba, amma manyan jiragen fasinja sun ci moriyar titin. Kamfanin LATAM ya riƙa haɗa Santiago da Tahiti ta Rapa Nui har zuwa 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka dakatar da zirga-zirgar.